Bikili Na Jiran Mahayi

Makarantar Masu Tsaron Daji,
Tudun Marke, ta Bauchi.
Nuwamba, 1984.

Zuwa ga taubashiyata Furera, da duk mutanen gidan Kawu a Gidan Ɗinya, ta Tofa.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, ta farko ga Kawu. Ki durƙusa ki isar mini da ita yadda ya kamata, ba a tsaitsaye ba kamar yadda kika saba. Yaya idon nasa? Allah ya sa ana samun sauƙi. Yaya marayunki, Sama'ilu da Huseina? Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta kama ni tun saukata. Garin nan a kan duwatsu yake, ruwan alwala kamar zai cire wa mutum yatsu.

An karɓe mu, an aske mana kai ƙwal, an ba kowa gado da bargo. Tun da masaƙa ta sallame mu a Kano ban ci abinci hankali kwance ba sai a nan, ko da yake wake ne da gari safe da yamma. Alhamdu lillahi.

To ga abin da zai ba ki dariya. Ashe aikin tsaron daji a kan doki ake yin sa! Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi jaki tsawo ba. Bayan sabuwar shekara za a fara koya mana hawa, wanda kuwa ya kasa, babu shi babu aiki. Yanzu shiri ake ta yi. An ba mu takalma masu kai wa gwiwa. An kafa wani tsohon duro a kan ƙafafun katako a tsakiyar fili, wai shi ne dokinmu. Kullum mu ɗora masa sirdi, mu ja majayi, mu sa ƙafa a likkafa mu haye, mu sauko, mu sake. Malamin hawa, wani dogo da ake kira Malam Uwaisu, yana tsaye da tsumagiya yana ta faɗin duga-dugai ƙasa, baya a miƙe. Shekaranjiya majayina bai ɗauru ba, ina hayewa sirdi ya juya da ni, na sha ƙasa a gaban kowa. Duro fa, Furera! Abin da ko numfashi ba ya yi, shi ya kayar da ni.

Dawakin gaske suna barga. Mu ke kwashe musu kashi, amma ko ragamarsu ba a yarda mu taɓa ba tukuna. In ɗayansu ya juyo ya kalle ni gabana faɗuwa yake yi, ba zan ɓoye miki ba.

Ki faɗa wa Kawu kullum ina tuna shi, shi da dokinsa Bikili. Duk malaman nan babu wanda ya kama ƙafarsa a sanin doki. In Allah ya kai mu hutu zan zo gida Kawu ya ɗora ni a kan Bikili da hannunsa, ya koya mini zama, don kada in ba shi kunya a cikin mutane.

Naki, amma ba bawanki ba,
Khalilu.

*

Gidan Ɗinya,
Disamba, 1984.

Zuwa ga bawana Khalilu, sarkin faɗowa daga duro.

Wa alaikumus salam. Mun samu wasiƙarka, mun ji lafiyarka, Allah ya raba ka da murar. Idon Baba yana nan jiya i yau, inuwar mutum kawai yake gani. Yara lafiya, suna gaishe ka.

Khalilu, me ya kai bakinka kan Bikili? Wallahi da kana kusa da sai na murɗe maka kunne.

Ka san yadda damina ta yi mana. Gero na fitar da kai ruwa ya ɗauke. Abin da muka girba, in ka leƙa rumbu sai ka sunkuya kafin ka gan shi. Wake bai yi ba, balle a yi maganar harawa. Tun kaka nake lallaɓa Baba, ni da liman, yau a yi gaba gobe a yi baya, har Allah ya sa ya yarda a rabu da dokin nan. Alhaji Basiru na Dawanau ya zo da kansa, ya buɗe masa baki ya duba, ya ce zai ba mu hatsi a madadinsa, wanda zai kai mu har sabon gero. An tsayar da Juma'a za a zo a tafi da shi. Ana saura kaɗan sai ga wasiƙarka.

Ko ka manta yadda ake karanta wasiƙa a gidan nan? Malam Kamilu hedimasta ne ke ɗauko ta daga akwatin makaranta, ya zauna a zaure ya karanta wa Baba da ƙarfi a gaban dattawan unguwa, sannan a miƙo mini ciki in sake karanta masa. Ba ni da halin tsallake ko layi ɗaya. Ina bayan ƙyaure ina ji, mutane na ta dariyar duro, sai aka zo wajen Bikili. Baba ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya ce, “Kun ji ko? Ɗan ƙanwata zai yi aikin gwamnati a kan doki, kuma ya rasa wanda zai koya masa sai ni.” Tun da gyaɗa ta mutu ya daina hawa yana zaga ƙauyuka sayenta, ban ƙara jin muryarsa haka ba.

Ran Juma'a mutanen Alhaji suka zo da igiyarsu. Baba ya ba su goro, ya ce su gai da Alhaji su ba shi haƙuri, doki ya samu mahayi.

Na san ba da wata manufa ka yi ba. Daɗin bakinka ne da ka saba tun muna firamare. Amma kai ka faɗa ka wuce, ni aka bari da auna wa doki dawa kullum safiya daga rumbun da 'ya'yana ke ci. Maganata ba ta shiga kunnen Baba yanzu, ta liman ma haka. Kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Ka rubuto masa takarda tasa daban ka ce ya sayar. Tawa kuma ka riƙa aiko ta ta hannun Mairo ta ɗakin shan magani, don mu samu bakin magana.

Kada ka ɓata lokaci.

Uwargijiyarka,
Furera.

*

Tudun Marke,
Janairu, 1985.

Furera,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara. Yaya jikin Kawu? Ni mura ta sake ni, sai tari kaɗan da safe.

Wasiƙarki ta daɗe a hanya. A bayan barga na karanta ta, na zauna a kan dutse na rasa inda zan sa kaina. Wallahi tallahi ban san an yi ciniki ba. Na faɗa ne don in faranta wa tsoho rai, kamar yadda mutum zai ce wa mai gida tuwonsa ya fi na kowa. Ki yafe mini.

Abin da ya fi wannan muni ma, zuwan da na ce zan yi babu shi. An kwashe dawakinmu kaf, an ce babu abin ciyar da su a nan, an kai su wata tasha inda ake da ciyawa. Aka tara mu aka ce ba za a fara hawa ba sai dawaki sun dawo, kuma babu mai tafiya hutu sai an gama hawa. Wani ya tambaya yaushe za su dawo, aka sa shi tsallen kwaɗo. Na yi tunanin in sulale in zo ko na kwana ɗaya ne in yi wa Kawu bayani baki da baki, amma kin san Malam Kamilu ne ya sa hannu ya tsaya mini. Wanda ya fita babu izini, mai tsaya masa ake nema. Ga shi an kewaye mu da waya, ƙofa ɗaya ce.

Shirin kuwa ba a fasa ba. Mu share barga babu doki, mu goge sirdi har mutum ya ga fuskarsa, mu wanke linzami mu rataye. Malam Uwaisu ya zana doki a allo yana koya mana sunan kowace gaɓa. An ƙara wa duro wuya na katako da wutsiyar igiya, yanzu har ta inda ake tunkarar doki ake koya mana a kansa, wai kada ya yi harbi. Da abin dariya ne, yanzu babu mai yi.

Na rubuta wa Kawu, na sa ta akwatin makaranta. Ga abin da na ce, bayan gaisuwa:

“Kawu, na ji labarin shekara ta yi tsanani a gida. Don Allah kada Kawu ya wahalar da kansa da iyali saboda ni. Ni yaro ne, ban kai a riƙe mini doki ba. In akwai mai son Bikili, Kawu ya duba abin da ya fi alheri ga gida. Zuwana ma ba yanzu ba, sai yadda Allah ya yi. Alherin da Kawu ya yi mini tun ina ƙarami ya ishe ni har abada.”

Ina ganin wannan ya fito fili. In sha Allahu kafin ki samu tawa an gama magana.

Khalilu.

*

Gidan Ɗinya,
Maris, 1985.

Khalilu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, tari ya tafi. Baba lafiya, har ma ya fi da kuzari. Sama'ilu lafiya. Huseina ce dai ta rame, ba ta da zazzaɓi, ba ta da komai, ramewa ce kawai.

Wai ya fito fili! Kai Khalilu, a ina aka haife ka? Ka taɓa ganin an ce wa Baba kada ya wahalar da kansa ya fasa? In baƙo ya ce ya ƙoshi, ba lokacin ne yake sa a ƙaro tuwo ba?

Malam Kamilu na gama karantawa zaure ya ɗauki salati. Wannan ya ce yaro mai kara, wancan ya ce irin tarbiyyar gidan nan ke nan. Baba har da share hawaye. Ya ce, “Kun ga yana so, kunya ta hana shi faɗa. Yana can cikin baƙi yana tunanin cikinmu. To in shi yaro ya yi mini kara, ni babba in kasa yi masa?” Ya ce ko shekara za ka yi, Bikili na nan a turke yana jiran ka.

Tun daga ranar shiri ya tashi a gidan nan kamar za a yi biki. An sauko da sirdi daga rataya, an kai wa baduku ya sake ɗinke shi. An sa maƙeri ya gyara likkafa, wai ƙafarka ta fi tasa girma. Kullum da hantsi sai na kama hannunsa na kai shi turke, ya shafa dokin tun daga wuya har gindi yana lissafa abin da zai fara koya maka. Ya ce haƙarƙari ya fito, ba za a ɗora ɗan gwamnati a kan ƙashi ba, a ƙara masa dawa. Na gwada cika komin da dusa da ƙaiƙayi in yayyafa dawa a sama. Hannu ya zura har ƙasa. Bai yi faɗa ba, cewa ya yi, “Furera, ido ne ba ni da shi.” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mun koma ci sau ɗaya, da kunu da safe in an samu. Gwaggo Kaltume ta aiko daga Bacirawa in zo in taya ta sayar da abinci a bakin titi, ko yara sa samu na bakinsu. In tafi in bar wa wa makaho da doki? Ban isa in fita ba, ban isa in sayar ba, ban isa in hana ba.

Bari in faɗa maka abin da ya sa na ɗauki biro yau. Na jiƙa wa Bikili dawa da kanwa na zuba masa, na koma ɗaki. Da na fito sai na tarar da Huseina a tsugune a gaban komi, kanta kusa da bakin dokin, tana tsamo dawar tana ci. Da ta gan ni ta ɓoye hannu a baya. Ban dake ta ba. Na shiga bayan rumbu na yi kuka mai isata.

Don haka ka saurare ni da kyau. Baba ba zai ji magana mai laushi ba. Duk abin da ka rufe da ladabi, kara zai ɗauke shi. Sai ka faɗa masa gatsal, babu don Allah, babu Kawu ya duba. Ka ce ba ka son dokin. Ka faɗa yadda ko dattawan zaure ba za su sami inda za su gyara maka ba. Na san abin da nake roƙonka, ubana ne. Amma dawa ta kusa ƙarewa, bayanta kuwa babu abin da ya rage sai tulun iri da na liƙe da laka a ɗakina.

Furera.

*

Gidan Ɗinya,
Afrilu, 1985.

Khalilu,

Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Mu muna nan da rai. Zafi ya yi yawa, rijiyar unguwa sai an jira ta taru.

Kullum sai na aika wajen Mairo, kullum babu. Malam Kamilu ma ya ce akwati wayam.

Dawa ta ƙare. Jiya Baba ya ce in fasa bakin tulun iri in ɗibar wa Bikili, in ya so lokacin shuka Allah zai kawo wani. Na ce to. Yau na ce masa laka ta yi tauri sai na jiƙa ta. Gobe ban san me zan ce ba. Na sayar da tasoshin aurena na sayo dusa, ita nake ba shi, Baba kuma ya sani, yana dai ƙyale ni ne na ɗan lokaci. In aka taɓa irin nan, ko ruwa ya zo kamar da bakin ƙwarya babu abin da za mu sa a ƙasa, baɗi ma ta tafi.

Na gane. Ba ka so sunanka ya ɓaci a zaure. Kana can ana dafa maka wake safe da yamma, ka zaɓi a ci gaba da ce maka yaro mai kara. To Allah ya ba ka sa'ar hawa. Ban taɓa zaton zan roƙe ka abu sau biyu ba.

Furera.

*

Tudun Marke,
Mayu, 1985.

Furera,

Ina gaishe ki. Yaya Huseina? Don Allah ki fara gaya mini wannan in za ki ba ni amsa. Yaya Sama'ilu da Kawu? Ni ƙafafuna ne suka kumbura, amma da sauƙi.

Ba shiru na yi miki ba. Kwashe mu aka yi aka kai mu tsakiyar daji share hanyar tare gobara, a ƙafa, cikin takalman hawan nan da ba don tafiya aka yi su ba. Babu gari kusa, balle gidan waya. Jiya muka dawo aka miƙo mini wasiƙunki biyu a haɗe. Na fara buɗe ta biyun, na karanta zagin kafin in san laifina. Da na karanta ta farkon, waken da aka zuba mini ban iya ci ba.

Kin ce sunana nake ji. Haba Furera. Ke kin san ranar da babana ya rasu wa ya zo ya ɗauke mu ni da Inna. Kin san wa ya kai ni makaranta, wa ya yi mini kaciya, wa ya sayar da tunkiyarsa ya kai ni Kano neman aiki. Ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba, ko sunan mai irin sunansa ba na iya faɗa. Yanzu ya tsufa, ido ya tafi, abu ɗaya ya rage masa da yake jin ya fi kowa, shi kike so in sa ƙafa in take a gaban abokansa. Ba sunana nake ji ba, shi nake ji.

Amma kin yi gaskiya, babu wata hanya. Na rubuta na yaga, na rubuta na yaga, kowacce in na karanta sai in ga inda zai ce kunya ce. Wadda na aika ita ce wannan, ga ta gaba ɗayanta don kada ta zo miki ba shiri:

“Kawu, ina gaisuwa. Maganar Bikili, a sayar da shi, ba na bukatarsa. Tsohon doki ne. Irin hawan da Kawu ya iya kuma hawan ƙauye ne, malamanmu sun ce wanda ya fara da shi ba ya gyaruwa. Ko na zo gida ba zan hau shi ba, kuma ba Kawu ne zai koya mini ba. Abin da na rubuta da farko faɗa kawai na yi. Khalilu.”

Babu malamin da ya ce haka. Ni na ƙirƙira, Allah ya yafe mini. Ta akwatin makaranta na aika, don in ta bi ta hannunki zai ce ke kika tsara.

An ce dawakinmu za su dawo in ciyawa ta fito. Da ina ɗokin ranar duk da tsoro. Yanzu ko duron ba na son gani, ga shi gobe da safe sai na ɗaura masa sirdi.

Ki riƙe tulun nan ko da me za a yi.

Khalilu.

*

Gidan Ɗinya,
Yuni, 1985.

Ɗan'uwana Khalilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da azumi, Allah ya sa ƙafa ta sabe. Huseina ta fara mayar da jiki, jiya har da guje-guje a tsakar gida. Sama'ilu lafiya. Baba ma lafiyarsa lau, yana azuminsa. Abin da na rubuta maka a watan Afrilu cikin zafin rai, ka ɗauka ban faɗa ba.

Taka ta riga tasa zuwa da kwana ɗaya, don haka na kwana da sani. Da la'asar Malam Kamilu ya shigo zaure da ambulan, dattawa suka gyara zama, har da masu cewa a ji me ɗanmu ya ce. Ya fara karantawa da muryarsa ta makaranta. Da ya kai tsohon doki ne sai ya tsaya, ya yi tari, ya ce rubutun bai fito sosai ba. Baba ya ce, “Malam, karanta abin da ke ciki.” Ya karanta har ƙarshe. Can liman ya ce lokacin salla ya yi, alhali da saura, kowa ya lalubi takalminsa.

Ba a miƙo mini ita ciki in sake karantawa ba. Baba ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu.

Washegari ya aika Dawanau. Alhaji Basiru ya zo, ya ga yadda dokin ya koma, ya girgiza kai. Abin da ya bayar bai kai na farko ba, amma ya yi mana mutunci, zai kai mu sabon gero in mun yi a hankali. Da za a kwance dokin na ce wa Baba ko in kai shi turke. Ya ce a'a, me zai gani. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa aka fita da Bikili ta gabansa, dokin ya ɗan ja ya tsaya, mai igiya ya ja shi suka wuce.

Ruwa ya sauka cikin makon nan, mai yawa. Na fasa bakin tulu da hannuna, iri lafiya lau, ko ƙwaro babu. Mun shuka gonar bayan gida da ta bakin rafi, maƙwabta suka taya mu. Ka cece mu, Khalilu. Ban san yadda zan faɗa ya fi haka ba.

Sai dai ga abin da ya faru, gara ka ji daga bakina. Na ga Baba ya daina fita zaure, in an ambaci sunanka sai ya kama wani zance. Raina ya kasa ɗauka. Bayan an gama shuka na kai masa abin buɗa baki, na durƙusa na faɗa masa komai. Na ce ni na sa ka. Na ce sau biyu na roƙe ka, har da zagi, kuma babu malamin da ya ce hawansa na ƙauye ne. Na ce ga wasiƙarka a ɗakina, a kira Malam Kamilu ya karanta masa ya ji yadda kake ambatonsa.

Ya saurare ni har na gama. Ya laluba ya dafa kaina, ya ce, “Allah ya yi miki albarka, Furera. Ke dai kina da kara. Ɗan'uwanki ya yi abin kunya, kina neman ki ɗauka ki ɗora wa kanki. Har kun haɗa baki ya rubuto wata don a wanke shi. Bar shi, ba sai an kira kowa ba. Yaro ya shiga gwamnati, ya ga waɗanda suka fi mu.”

Na rantse masa da Allah, ya ce in daina rantsuwa da azumi a bakin mutane.

Ban san me za ka rubuto masa ba wanda zai yarda da shi yanzu. In ka yi laushi zai ce kunya ce ta kama ka daga baya. Ni ma duk abin da na faɗa, alheri yake ɗaukarsa. Ka bari tukuna, ka gama abin da ya kai ka, ka zo da ƙafarka ka durƙusa a gabansa, wataƙila in ya ji muryarka.

Ka rubuto mini in dawakin sun dawo, ka kuma ja majayi da kyau. Ta hannun Mairo za ka ci gaba da aikowa. Baba ya ce wa Malam Kamilu in wata ta zo ta akwati ba sai ya wahalar da kansa ya kawo ba.

Taka,
Furera.